Fila ta fito a tsakiyar falo: laifin mai zane ne ko na magini?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masana ku ba ni shawara kafin a zuba dekin. Muna gini a Millennium City a Kaduna, bene hawa ɗaya. A zanen da muka amince da shi ni da maigidan, falon ƙasa a buɗe yake, babu komai a tsakiya. Jiya na leƙa wurin na tarar an tsayar da fila ƙiri-ƙiri a tsakiyar falon, daidai inda za a jera kujeru. Da na tambayi mai kula da aikin sai ya zaro wata takarda daban, ta rodi, ya ce ai ga ta nan an nuna. Sannan kafinta ya ce matakalar ba za ta shiga wurin da aka bar mata ba. Shi wanda ya yi mana zanen yana Abuja, waya ma da ƙyar yake ɗauka. Birkilanmu ya ce a sare filar kawai, bim, wato kankaren da ke kwance kan filoli yana ɗauke da dekin, zai riƙe. Me kuka gani?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kada kowa ya taɓa filar nan, kuma kada a zuba dekin sai an zauna. Bim ɗin da zai hau saman falonki an yi masa lissafi ne a kan cewa yana da madogara a tsakiya. In falon mita 6 ne, shi a lissafi mita 3 yake tsallakawa sau biyu. Da zarar an cire filar zai koma tsallaka mita 6 a tafi ɗaya, kuma ƙarfin da ke neman lanƙwasa shi ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, saboda yana tafiya ne da tsawo sau tsawo. Kaurin bim ɗin da rodin da aka rubuta masa duk na mita 3 ne. Bayan haka, nauyin da filar tsakiya za ta kai ƙasa zai koma kan filolin gefe, su kuma an riga an zuba gindinsu a fandisho ba tare da an lissafa wannan ƙarin ba. Ana iya yin falo mai mita 6 babu fila, kullum ana yi a garin nan, amma da sabon lissafi: bim mai zurfi, rodi mai kauri, a sake duba filolin gefe da gindinsu. Tunda ba a zuba ba, da sauran gyara.

Maman Sadiq: Innalillahi. To Injiniya, ta yaya takardu biyu na gida ɗaya za su saɓa? Mutum ɗaya fa muka biya.

Akitek Zainab: Mutum ɗaya kuka biya Hajiya, amma hannu biyu ne suka yi aikin. Mai zane yana fitar da ɗakuna da ƙofofi da fuskar gida, sai ya tura wa injiniya ya fitar da filoli da bim da rodi. Ki duba ƙasan kowace takarda ta hannun dama, akwai ɗan akwatin da ake rubuta sunan aiki da ranar da aka zana. Sannan ki tuna min, a zanen farko akwai bango tsakanin falo da wurin cin abinci?

Maman Sadiq: Akwai wallahi. Maigidan ne ya ce a cire shi falo ya yi faɗi, kuma mai zanen muka faɗa wa, ya gyara ya turo. Na duba yanzu, takardar rodin ta girmi ɗayar da kusan wata biyu.

Akitek Zainab: To ga shi nan. Filar tun farko tana nan, a cikin bangon take a ɓoye. An goge bango a takarda ɗaya, ba a sanar da mai ɗaya takardar ba. A aikina na fi cin karo da wannan fiye da kuskuren lissafi. Ƙa'idar ita ce duk canjin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, a ba zanen sabuwar lamba da sabuwar rana, a tura wa injiniya da mai famfo da mai wayarin, sannan a je wurin aiki a karɓe tsofaffin takardun a hannun ma'aikata. Na ƙarshen nan shi ake sakaci da shi. Sai ka je ka tarar birkila na aiki da zanen watan jiya, kafinta da na wannan watan, mai ɗaurin rodi kuma da hoton da aka tura masa a WhatsApp, wanda in ya buɗa shi da yatsa 6 da 8 ba sa bambanta.

Baba Isiyaku Birkila: Salamu alaikum. Ni dai na ji daɗi yau an fara da takarda, don mu mun saba, duk abin da ya lalace a gini sai a ce birkila. Bari in faɗa muku abin da muke gani mu da muke riƙe da igiya da fegi. Za a miƙo maka zane, ka tara awon ɗakuna ɗaya bayan ɗaya ka samu abu kaza, ka duba jimlar da aka rubuta a gefe ka ga ta bambanta. Wanne za ka bi? Ka bi na ɗakuna, gini ya shiga filin maƙwabci. Ka bi jimla, dole wani ɗaki ya rage, kuma kullum banɗaki ko sito ake ci. Wani zanen an zana bangon ciki da bulo 6, mai gida ya je ya sayo 9 ya jibge ya ce shi ba ya son gini mai rauni. Kowane bango ya ci inci 3. Lungun da aka zana tsakanin ɗakuna in bango biyu suka matse shi, ga filasta ta zo ta ci nata, ranar tarewa gado ba zai juya ba. Sai a ce Baba ya tsufa, ido ya tafi.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma Baba, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ka bar ni in ɗan taɓa ɓangarenku. Zane da milimita yake zuwa, ku kuma tef ɗinku ƙafa da inci kuke karantawa. An rubuta 3600, sai a ce ƙafa 12 ce. Ƙafa 12 kuwa milimita 3658 ce. Ɗaki ɗaya ya ƙaru da 58, ba wanda zai lura. Ɗakuna huɗu a jere, an tafi da fiye da santimita 23, faɗin bulo 9 guda ke nan. Filolin da aka sa a kan layi sun goce, tagogin da aka riga aka ba mai walda awonsu a Panteka ba su zauna ba. Tef ɗin nan fuska biyu gare shi, ku juya shi ku karanta mitar kawai.

Baba Isiyaku Birkila: Yaro, wannan ka faɗi gaskiya, ba zan ja ba. Yaran da na koya wa aiki yanzu da mita suke yi. Amma ƙafa ba ita ta sa fila a falon Hajiya ba.

Usman Kafinta: Maganar matakala fa kada a manta da ita, don ita ce ba ta gyaruwa in an zuba. Hajiya, taki nawa aka zana, kuma daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama nawa aka rubuta?

Maman Sadiq: Na tambayi mai kula da aikin. Ya ce taki 16 ne, tsayin kuma 3150.

Usman Kafinta: Shi ya sa abokin aikina ya ƙi. Raba 3150 gida 16, kowane taki ya kusa 197. Wannan ai tsani ne. Matakalar gida mai daɗin hawa tsayin takinta tsakanin 150 ne da 175, faɗin wurin sa ƙafa kuma 250 zuwa 300. Da tsayin gidanki taki 18 ake so, na 175. Ƙarin taki biyu yana neman ƙarin wuri aƙalla rabin mita a ƙasa, kuma ramin da za a bari a dekin ma sai an tsawaita shi, in ba haka ba mai tsawo zai riƙa duƙawa, don daga taki zuwa abin da ke samansa bai kamata ya gaza mita 2 ba. Na taɓa shiga wani gida a Barnawa da aka rufa wa irin wannan asiri: takin ƙasa gajeru, na ƙarshe biyu dogaye. Ƙafa tana haddace tsayin taki tun daga na biyu ko na uku, in ya canza a sama nan ake tuntuɓe. Tsohuwar gidan ta daina hawa sama gaba ɗaya.

Alhaji Sabo Kawo: Ni fa duk wannan dogon turancin ban gamsu da shi ba. Iyayenmu sun yi gini babu takarda ko ɗaya. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wace takarda aka bi? Ga shi turawa sun daɗe suna zuwa kallo. Yanzu da digiri da kwamfuta da hatimi, gini na ruftawa kan mutane. Ina ganin takardar ce ma ta ɓata magina, ta hana su amfani da hankalinsu.

Akitek Zainab: Ranka ya daɗe, misalin da ka kawo nawa ne ba naka ba. Babban Gwani ya yi zane, a kansa zanen yake, kuma kan yana wurin aiki tun safe har yamma. Wanda ya tsara shi ne yake tsaye ana ɗora tubali. In magini ya rikice, waiwayawa kawai zai yi ya tambaya. Kuma kayan aikinsa ya san halinsu da hannu: ya san iyakar abin da azara ke tsallakawa, in ɗaki ya fi haka faɗi ya san sai an yi bakan gizo ko ɗaurin guga. Ƙasa in ta fara gajiya tana tsagewa a gani a yaɓe. Kankare ba haka yake ba. Ƙarfinsa yana cikin rodin da ba mai sake ganinsa bayan an zuba, kuma wanda ya lissafa rodin ba shi ne mai ɗaurawa ba. Takarda ita kaɗai ce ke kai saƙo tsakaninsu. Matsalarmu a yau mun karɓi takardar, mun sallami mai takardar. Na Hajiya ga shi can Abuja.

Alhaji Sabo Kawo: Ku kuka sallami kanku da tsada. Mutum yana tara kuɗin bulo da kaɗan-kaɗan, ku ce ya biya zane, ya biya injiniya, ya kuma biya kuɗin zuwa duba aiki. Da me zai sayi siminti?

Nura Mai Zane: Alhaji ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ba ni da rajista, difloma gare ni, kuma mu ne muke zana yawancin gidajen da ake yi a Rigasa da Hayin Ɗanmani da Mando, ko an so ko ba a so. Bari in faɗi yadda abin yake. Mutum zai zo da hoton gidan da ya gani a Instagram, ya ce haka yake so, gobe zai karɓa. Ka ce a je a ga fili, ya ce ai 50 ne da 100, me za ka gani? Ka zana a kan mita 15 da 30 mai kusurwa daidai, ranar buga fegi a tarar filin bayansa ya tsuke, ko maƙwabci ya riga ya ci ƙafa biyu da katangarsa. Wasu kuma, ba na ɓoyewa, a cikinmu akwai masu ɗauko tsohon zane a kwamfuta su canza suna kawai su buga. Araha ba ta ado. Amma kada a ce masu rajista ba sa kuskure, kuma wasunsu hatiminsu kawai suke bugawa a zanen da ko buɗe shi ba su yi ba.

Akitek Zainab: Ƙanena, ba zan kare masu sayar da hatimi ba, sun fi ku laifi a wurina, don sun san abin da hatimin yake nufi. Bambancin kawai shi ne mai rajista yana da inda za a kai ƙararsa. Masu zane suna ƙarƙashin hukumar rajista ta ARCON, wadda aka kafa tun 1969, injiniyoyi COREN tun 1970, ƙwararrun magina CORBON tun 1989. Suna iya ƙwace lasisin mutum. Wanda ba ya cikin rajista kuwa, in gini ya samu matsala sai dai a yi ta kiran layinsa. Akwai kuma kundin ƙa'idar gini na ƙasa na 2006, wanda ya fayyace aikin kowa, sai dai mutum nawa ne a wuraren aikinmu suka taɓa ganin ko bangonsa?

Malam Lawal: Maganar ɗauko tsohon zanen nan tana da wata illa da ba a ambata ba. Kowane zane yana da kibiyar da ke nuna arewa. In aka ɗauko zanen filin da ke kallon kudu aka dasa a filin da ke kallon gabas, komai ya juya, kibiyar kuma tana nan tana ƙarya a takarda. Tagogin ɗakin kwana su koma yamma, ranar la'asar ta watan Maris ta riƙa dafa mutane. Ƙofar falo ta koma gabas inda hadarin farkon damina ke tasowa da iska, ruwa har kan kafet. Ga kuma banɗaki. Na san malamai sun yi saɓani, Malikiyya sun sassauta a kan fuskantar alƙibla in a cikin gini ne, amma mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya, sai an fasa tayil an juya masai bayan an gama gida. A tuna kuma alƙibla a Kaduna ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, wajen digiri 66 zuwa 67 daga arewa. Masu gina masallacin unguwa su auna tun ranar fegi, kada a gama a koma shimfiɗa sahu a karkace.

Habu Fulamba: Mu masu famfo ai ba a ma zana mana komai. Sai an gama dekin an yi filasta a kira ka. Ka hau sama ka tarar banɗaki yana daidai kan tsakiyar falon ƙasa, ba bangon da za ka bi ka sauko da bututu. Mai gida ya ce shi ba ya son ganin bututu a waje. To ina zan bi? Da yawa kurfi da guduma suke ɗauka su huda bim.

Injiniya Bashir: Malam Habu don girman Allah ka daina, ka kuma hana yaranka. Bututun masai inci 4 ne. Ka huda bim mai zurfin inci 18 ka yanke rodin ƙasa guda ɗaya ko biyu, ka cire masa abin da yake riƙe da shi. Ba ranar zai nuna ba.

Habu Fulamba: Ni ba na yi Injiniya, shi ya sa ake cewa ina da taurin kai. Abin da nake roƙo shi ne a kira mu kafin a zuba, mu sa gutsuren bututu a inda za mu wuce, kankare ya zagaye shi. Kuma masu zane ku riƙa rubuta tsayin daɓe daga titi. Bututun masai yana son gangara, wajen 1 cikin 40. In daɓen gida ya yi ƙasa, sokawe kuma yana can ƙarshen fili, gangarar ba ta isa, kullum toshewa. Ga gidajen da aka gina kafin a yi titi: an zo an cike hanya an yi kwalbati, titi ya fi tsakar gida tsayi, ruwan Agusta ya riƙa shigowa ta get. Masu gini kusa da kogin Kaduna da bakin rafuka su ne suka fi buƙatar wannan lambar. Sannan a duba inda rijiyar maƙwabci take kafin a zana wurin sokawe. Mai zanen da bai taka filin ba, ta ina zai san da rijiyar?

Alhaji Sabo Kawo: Duk waɗannan gyare-gyare ne na jin daɗi. Ku nuna min inda kuskuren takarda ya kashe mutum. Gine-ginen da ke faɗuwa ai rage siminti ne da rodi mara kyau.

Injiniya Bashir: Akwai, Alhaji, kuma duk wanda ya karanta fanninmu an koya masa shi. A 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka, wasu gadoji biyu na tafiya da ƙafa da aka rataye a cikin zauren otal ɗin, ɗaya a saman ɗaya, suka rufto kan jama'a ana tsakiyar biki. Mutum 114 suka mutu. A zanen farko, sandar ƙarfe guda ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar sama ta kai ta ƙasa, kowace gada nauyinta ya tafi kan sandar. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, suka sake zane da sanda biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido kusan abu ɗaya ne. Amma kamar mutum biyu ne da kowa ke riƙe da igiya da hannunsa, sai aka ce na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama. Mahaɗin gadar sama ya koma ɗauke da nauyi ninki biyu. Zanen ya bi ta ofishin injiniyoyi aka buga masa hatimi ba a sake lissafi ba, daga baya aka ƙwace musu lasisi. Babu wanda ya saci siminti a nan.

A gida kuma ga wanda nake tsoro kullum: barandar sama mai fitowa waje babu fila a ƙarƙashinta. Ita babban rodinta a sama yake zama, saɓanin dekin na cikin ɗaki da rodinsa ke ƙasa. In zanen bai nuna a fili ba, ko mai ɗaurin rodi ya bi sabo ya shimfiɗa a ƙasa, ko leburori suka tattake shi da kwanon sarki a ka ranar zubi ya kwanta, to ranar da aka cire katako ko ranar da aka taru a kanta ake sani.

Alhaji Sabo Kawo: Na Amurka na ji. Amma benen Ikoyi da ya faɗi a Legas fa? Wannan ai son kuɗi ne, ba takarda ba.

Akitek Zainab: Wanda ya faɗi ranar 1 ga Nuwamba 2021 a titin Gerrard, mutum sama da 40 suka rasu. Hukumomin Legas sun ce hawa 15 aka amince, aka kai shi 21. Son kuɗi ne, ban musa ba Alhaji. Amma ka duba ta wannan fuskar: daga ranar da aka wuce abin da aka amince, ginin da ke tsaye da ginin da ke cikin takardar izini sun zama gini biyu daban. Abin da ake yi a unguwanninmu ke nan a ƙaramin mataki. A zana gida na ƙasa, a ga kuɗi sun shigo, a ce a ɗora bene. A zana rufin kwano, a koma dekin a ɗora tankin ruwa. Tanki mai lita 2000 tan 2 ne na ruwa zalla a wuri ɗaya, ban da nauyin abin da aka ɗora shi a kai.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maigidan yana tambaya, tunda zanenmu yana da amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, in an canza bim da matakala sai an koma wurinsu? Kuma wa ya kamata ya biya kuɗin gyaran nan?

Akitek Zainab: Abin da aka ba ku izini a kai shi ne zanen da aka buga wa hatimi. Tunda za a taɓa fila da bim, ku kai gyararren zanen ku tambaye su abin da ake buƙata, ya fi ku bari sai an zo dubawa a tarar da gini daban. Maganar biya kuwa, sake zanen da sake lissafin a wuyan wanda kuka biya yake, don shi ya karɓi canjin bai isar ba.

Nura Mai Zane: Zanen dai zai gyara kyauta in yana da kunya. Amma simintin filar da rodinta da ladan masu fasawa, Hajiya, ba na jin za ku ga ko sisi in ba a rubuce kuka yi yarjejeniya ba.

Baba Isiyaku Birkila: Ni kuma mai kula da aikin nake tuhuma. Takardu biyun suna hannunsa tun ranar fandisho. Gindin filar nan shi ya sa aka haƙa, ya ga babu bango a wurin, bai ɗaga waya ya tambayi kowa ba. Tun ran gini tun ran zane. Ni in na ga lamba ta saɓa, ajiye cokali nake yi, ko da mai gida zai ce ina ɓata masa yini.

Usman Kafinta: Baba ai kai kana da gidan kanka. Yaron da ake biya kuɗin yini, in ya ajiye cokali ranar ba abinci, gobe kuma an kawo wani. Shi ya sa suke rufe ido su bi abin da suka gani.

Baba Isiyaku Birkila: Lebura na yi wa uzuri, ban yi wa mai kula da aiki ba. Shi albashinsa na tambaya ne.

Alhaji Sabo Kawo: To Injiniya, tunda kun taru a kaina, ga tawa. Ina da gida na ƙasa a Unguwar Dosa, ginin da can mai ƙwari, bulo 9 ne ko'ina. Ina so in cire kwano in ɗora ɗakuna huɗu a sama saboda yara sun girma. Zanen ya ɓata tun tuni, wanda ya gina shi ma ya rasu, Allah ya jiƙansa. In turo maka hotuna ka duba?

Injiniya Bashir: Amin. Hoto ba zai nuna min abin da nake nema ba, ranka ya daɗe. Sai an tona gefen fandisho a wuri uku ko huɗu an ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da yake kai, a ɓantare filasta a kusurwoyi a ga ko akwai filoli, in akwai a ga rodi nawa ne a ciki. Yawancin gidajen ƙasa na wancan lokacin bulo ne zalla da linta, ba su da fila ko ɗaya. In haka ne, sabbin filoli za a tsayar da nasu gindin su ɗauki saman, tsohon bangon ya riƙe kansa kawai. Sannan a auna gidan gaba ɗaya a fitar da sabon zane, a kai neman izini.

Alhaji Sabo Kawo: Tonon nan zai taɓa tayil ɗin tsakar gida?

Injiniya Bashir: Zai taɓa. Ta waje za mu fara, bayan kicin da gefen gareji, amma bangon tsakiya dole sai an buɗe ta ciki.

Alhaji Sabo Kawo: To bari sai na yi magana da uwargida tukuna, ita ta zaɓi tayil ɗin.